Dalar Gyaɗa Da Aljihun Manomi: Abin Da Hoton Bai Nuna Mana Ba

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Tun da farashin hatsi ya sauka a kakar da ta wuce, magana biyu ke yawo a Facebook. Wasu na hamdala, masara ta yi sauƙi, gero da dawa sun sauko, mai albashi ya ɗan numfasa. Wasu kuma manoma ne da ke cewa an karya su: mutum ya sayar da cikakken buhun masara, kuɗin bai isa ya sayi buhun taki ɗaya ba. Kuma duk lokacin da aka tayar da wannan zance, sai wani ya ɗauko tsohon hoton dalar gyaɗa ta Kano ya saka, ya rubuta a ƙasa wai ga lokacin da Arewa take Arewa, yaushe za mu koma. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ƙarshen wata nake jira, saboda haka saukar farashin abinci ta yi mini daɗi kamar kowa. Amma ina so mu ɗan tsaya a kan hoton nan, domin tarihin da ke bayansa yana da amsar tambayar da muke ta yi yau: me ke sa ƙaramin manomi ya riƙe noma, me kuma ke sa ya sake shi?

Mu fara daga tushe. Turawan mulkin mallaka ba don gyaɗa suka kawo jirgin ƙasa Kano ba, auduga suke nema. Masaƙun Ingila na bukatar auduga, kuma ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a 1902 kuma tsofaffinmu suka sani da BCGA, ta yi imanin cewa ƙasar Hausa ce za ta cike musu giɓin. Har injin gurzar auduga suka kafa a Zariya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Sai lissafi ya ƙi fita. Masaƙanmu na gida da marina suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, to me zai kai manomi wurin Bature? A daidai lokacin kuma kamfanonin Turai suna neman man tsirrai ruwa a jallo domin yin sabulu da bota, sai farashin gyaɗa ya tashi.

Manomin Kano ya yi lissafinsa da kansa. Gyaɗa na son ƙasar jigawa irin tamu. Ana shuka ta tsakanin gero, ba ta hana shi yi, tana ma ƙara wa gona ƙarfi. Harawarta abincin dabbobi ce. Kuma in shekara ta ɓaci, ana iya cinta, auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita. Cikin shekara guda gyaɗar da Najeriya ke fitarwa ta tashi daga tan dubu biyu da 'yan kai a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Babu wani shiri na gwamnati da ya yi wannan, babu kwamiti, babu bikin ƙaddamarwa. Farashi ne ya yi kyau, hanya ta samu, manomi mai fartanya da jaki ya amsa. Fatakenmu kuma da suka goge a cinikin goro na Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, su ne suka san ƙauyuka, suka san mutane, suka zama tsani tsakanin manomi da kamfanonin Turawa.

A nan ne darasin farko yake. Manominmu bai taɓa zama mutumin da sai an tashe shi daga barci ba. Duk wanda ke cewa matsalar noma ita ce jahilcin manomi ko ƙin karɓar sabon abu, ya koma ya duba 1912.

Sai dai tun daga farkon, ribar ba ta tsaya a hannunsa yadda ya kamata ba. Damina ta 1913 ta gaza, 1914 ta zo da yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta halaka jama'a masu yawa a ƙasar Kano da kewayenta, ta kuma tuna wa kowa cewa kuɗi a aljihu ba ya maye gurbin hatsi a rumbu. Ga haraji, wanda Bature ya ce sai da kuɗinsa za a biya, kuma da kaka ake tara shi. Ku lura da wannan da kyau: da kaka, lokacin da kowa ya kawo kaya kasuwa, lokacin da farashi ke ƙasa warwas, a lokacin ne dagaci ke bakin ƙofa. Manomi ba shi da zaɓin jira. Ga kuma tsarin bashi. Kamfani ya ba babban attajiri kuɗi, attajiri ya raba wa yaransa, yaran su shiga ƙauye tun da damina da kuɗi da gishiri da yadi, su ba manomi a kan in ya cire gyaɗa tasu ce. In an zo sikeli kuma 'yan baranda na nan, kowa da abin da zai gutsura. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya rushe daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba, sai ya zama dole manomi ya ƙara noma don ya samu kuɗin da a da yake samu da ƙaramin aiki.

A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gona na fitarwa gaba ɗaya. Bayan yaƙi, maimakon a saki, sai aka mayar da abin hukuma ta dindindin. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aka mayar da hukumomin hannun jihohi, Jihar Arewa ta samu tata. Tsarin shi ne: hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanke farashi kafin a buɗe kasuwa, ita ke ba dillalai lasin saye. Hujjar da aka bayar mai kyau ce a baki: za a riƙe wani abu a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau, a tallafa wa manomi da shi a shekarar da ta faɗi.

Kuma a yi adalci, tsarin yana da amfaninsa. Manomi ya san farashi tun kafin ya kai kaya. Akwai masu duba inganci. Akwai tabbacin mai saye, ko a ina kake. Amma abin da aka riƙe, kaɗan ne ya koma wa mai shi. Wani masanin tattalin arziki, Gerald Helleiner, ya lissafa cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1960, in aka haɗa harajin fitarwa da rarar da hukuma ke riƙewa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu bai kai hannunsa ba. Buhu ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Da kuɗin gyaɗa da auduga Jihar Arewa ta tsaya da ƙafarta. A zamaninsu aka yi hanyoyi da makarantu, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mu da muka yi karatu a irin waɗannan makarantu, muka samu aikin ofis, mu san cewa akwai gumin wani mai fartanya a cikin takardunmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ita kanta dalar fa, mene ne ita? Buhunan gyaɗa ne da aka riga aka saya daga manomi, aka jibge a fili irin na Ƙofar Mazugal da Malam Madori, suna jiran jirgi. An ce dala ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000. Abin da ya sa suka yi ta tashi shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe kayan zuwa bakin teku da sauri, musamman bayan yaƙi da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragai. Wata gyaɗar takan shekara a wurin, ƙwari na ci. Dala ta nuna cewa an noma da yawa, wannan gaskiya ne, kuma a shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Amma ko buhu ɗaya a cikin dalar nan ba na manomi ba ne. Ranar da aka ɗauki hoton, shi ya riga ya sayar, ya biya haraji, ya biya bashi, ya koma gida da abin da ya saura.

Idan aka tambayi mutane me ya kashe dala, amsa ɗaya ce: man fetur. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Tun kafin kuɗin mai su cika gari, farashin hukuma ya daina burge manomi. Duk shekarar da farashin Nijar ya fi namu, gyaɗa kan bi dare a kan jakuna da raƙuma ta tsallaka wajen Maraɗi da Magarya. A cikin gida kuma birane na girma, mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu injinan matse mai suna biyan abin da ya fi na hukuma. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000, har iri ya yi wuya. A daidai wannan lokaci aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, Naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi arha, lebura ya yi tsada domin samari sun tafi birni aikin gini. Manomi ya sake yin lissafi kamar yadda kakansa ya yi a 1912, ya ga hatsi ya fi masa, ya juya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gyaɗa ba ta ɓace ba. Har yau Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, a bayan irin su Sin da Indiya. Abin da ya canja shi ne inda take zuwa. Da tana tafiya Turai a jirgin ruwa, yanzu tana shiga tukunyarmu: man girki, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, yajin tsire, tunkuza ta abincin kaji. Matan da ke soya ta a cikin gidaje, su murza, su matse, su ne masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba, kuma ban san wani babban shirin gwamnati da aka gina a kansu ba.

Daga nan sai zamanin shirye-shirye. A 1976 Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa na OFN, a shekarar ce kuma aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa. A 1977 aka sake fasalin hukumomin ciniki suka koma na tarayya: ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, ta hatsi a Minna. A 1980 Shagari ya kawo nasa juyin noman. An zuba kuɗi, ba a ce ba a zuba ba. Amma mafi yawansu sun tafi ne ga manyan abubuwa da ake iya gani daga nesa: madatsun ruwa, taraktoci, manyan gonaki. Madatsar Tiga da Audu Baƙo ya gina ta raya Kadawa da Kura, wannan alheri ne da ake ci har gobe. Ta Bakolori kuwa ta bar tabo. An karɓe gonakin mutane, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa. Aikin da aka ce don manomi aka yi shi, ga yadda ya ƙare da manomi.

Abin da ya yi tasiri na gaske ƙananan abubuwa ne. A 1975 aka fara ayyukan raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gwambe tare da Bankin Duniya: hanyoyin ƙauye, shagunan taki kusa da manomi, ingantaccen iri, malaman gona masu yawo a kan babur. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Da aka samu iri mai kyau da taki mai rahusa da hanyar kai kaya, cikin shekaru kaɗan ƙasar Funtuwa da Zazzau ta zama rumbun masarar Najeriya. Haka ma fadama. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa, guga bayan guga. Da ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar da ake haƙawa a rana ɗaya suka yaɗu daga shekarun 1980, aka kuma ƙarfafa su da shirin Fadama a farkon shekarun 1990, sai noman rani ya zama sana'ar dubban gidaje: tumatir, albasa, attaruhu, alkama, shinkafa. Inji ne da mutum zai ɗaura a bayan babur, nasa ne, ba ya jiran wani injiniya ya buɗe masa ruwa.

A 1986, ƙarƙashin shirin SAP na Babangida, aka rushe hukumomin ciniki baki ɗaya. Manomi ya samu 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, kuma manyan kasuwanni irin Dawanau, wadda ta tashi a tsakiyar shekarun 1980, suka zama cibiyar hatsi ta Afirka ta Yamma. Amma an zubar da abubuwa masu amfani tare da marasa amfani. Babu sauran mai duba inganci, babu mai tabbatar da iri, babu ƙaramin farashin da kaya ba za su faɗi ƙasa da shi ba. Auduga ce ta fi jin jiki: iri ya gauraye, aka shiga zuba mata ruwa da yashi don ta yi nauyi, sunanta ya ɓaci. Da an ɗaure manomi ana tatsarsa, yanzu an kwance shi an bar shi shi kaɗai a tsakiyar kasuwa.

Kuma tsohuwar cutar tana nan inda take. Wata baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani: mai ƙarfi yana ajiye hatsinsa sai bazara ko tsakiyar damina ya sayar da tsada, mara ƙarfi yana sayarwa da kaka da arha, sannan ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya tafi ƙwadago a gonar wani ya bar tasa ciyawa na ci. Yau babu haraji, tun 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi da jangali. Amma akwai waɗanda suka gaje shi: bashin taki, kuɗin makaranta, asibiti, aurar da 'ya. Duk da kaka suke zuwa. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato ma harajin ya dawo da wata kama, 'yan bindiga ke sa shi kafin a shuka da kafin a girbe.

Na zamaninmu kuwa duk mun gani da idonmu. A 2012 aka kawo tsarin turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhun taki biyu a rabin kuɗi. A watan Nuwamban 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi. An raba sama da Naira tiriliyan ɗaya, noman shinkafa ya ƙaru, injinan gyaran shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, amma babban kaso na bashin bai dawo ba, kuma kowa ya san an saka sunayen waɗanda ko kuyya ba su taɓa ja ba. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, aka buɗe a Disamban 2020. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin ban-ruwa da na mota suka ninka. A Yulin 2024 kuma, da yunwa ta tsananta, gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150. Wannan, haɗe da yawan da aka noma saboda tsadar bara da fitowar kayan masu ɓoyo, shi ya sauko da farashi. Manomin da ya sayi taki da tsada, ya biya lebura da tsada, ya yi girbi ya tarar da wata kasuwar daban.

To ni dai abin da na fahimta daga shekara ɗari da 'yan kai ɗin nan shi ne: duk lokacin da riba ta tsaya a hannun ƙaramin manomi, abinci na yawaita ba tare da an roƙe shi ba. Duk lokacin da aka ƙwace ta, ko ta hanyar haraji, ko hukuma, ko dillali, ko sauyin manufa na dare ɗaya, yakan janye a hankali, ba zanga-zanga, ba sanarwa, sai dai bayan shekara ɗaya ko biyu mu ji a kasuwa. Arhar da muke murna da ita yau, in ta sa manomi ya rage gonar masara ya koma abin da ba ya cin taki, mu masu albashi ne za mu biya bashinta baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Ba ina cewa a bar abinci ya yi tsada don manomi ya ji daɗi ba. Shi ma manomin yana sayen abinci rabin shekara. Abin da nake cewa shi ne a rage masa kuɗin noma, a kuma rage abin da ke zubewa tsakanin gonarsa da tukunyarmu. Kuma akwai hanyoyin da aka gwada.

Na farko, ajiya da bashi a wuri ɗaya. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da wani tsari da suke kira warantaj, wanda ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar manoma ta tara amfaninta da kaka a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da bashi. A ba kowa wani kaso na kimar kayansa ya biya bukatar kaka, ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida a buɗe, a sayar, a biya bashi, rarar ta koma wa mai kaya. Ga wake kuma akwai buhun nan mai ciki uku na PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an zuba maganin da ke kai mutane asibiti ba. Gaskiya ne a shekara irin wannan da farashi bai tashi ba, wanda ya ajiye ma ya yi asara. Shi ya kawo mu ga na biyu.

Na biyu, gwamnati ta riƙa magana kafin damina. In za a buɗe ƙofar shigo da masara, a faɗa tun kafin mutum ya ci bashin taki. In kaya sun faɗi ƙasa da kuɗin noma su, a lokacin ne ya kamata a cika rumbunan gwamnati, a saya daga ƙungiyoyin manoma kai tsaye, a fitar lokacin tsada. Wannan shi ne alƙawarin da hukumar 1949 ta yi ba ta cika ba. Alƙawarin ba shi da laifi, masu riƙe mabuɗin ne suka ci amana.

Na uku, gwamnati babbar mai cefane ce: makarantun kwana, asibitoci, gidajen gyaran hali, sansanonin 'yan gudun hijira. A Birazil a 2009 an yi dokar da ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai da tarayya ke bayarwa a sayi abinci da su daga ƙananan manoma. Me zai hana jihohinmu su ce makarantar kwana ta sayi geronta da wakenta da man gyaɗarta daga ƙungiyoyin ƙaramar hukumar da take ciki, kuma a biya su a kan lokaci?

Na huɗu, a mayar da hankali kan ƙananan abubuwan da tarihi ya nuna suna aiki: hanyar ƙauye, injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana, injin matse mai da na casa ga ƙungiyoyin mata, da malaman gona, waɗanda yawancinsu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Cibiyar bincike ta Samaru ta fitar da irin gyaɗa masu jure kuturta da saurin nuna, irin su SAMNUT 24, amma iri a cikin sito ba ya tsiro sai an kai shi ƙauye. A kuma rage shingayen karɓar kuɗi da ke kan hanya, domin duk abin da direba ya miƙa, daga farashin manomi ake cire shi, a ɗora a kan namu. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi ga noma, gwamnatin tarayyarmu har yau tana nesa da wannan. Duk waɗannan kuma sai da tsaro, domin gonar da ba a iya zuwa ba a maganar ribarta.

Mu ma da muke ofisoshi akwai namu. Kusan kowace ma'aikata tana da ƙungiyar adashi ko ta taimakon juna da ke sayo shinkafa da sukari a raba wa ma'aikata kafin azumi, a cire a albashi. Ƙungiyar nan za ta iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar manoma ta wani ƙauye tun kafin shuka: ga adadin buhunan da muke so, ga farashin da ba za mu sauka ƙasa da shi ba, ga wani abu a hannu ku sayi taki. Mu mun samu abinci da sauƙi, su sun samu tabbacin mai saye. Galibinmu 'ya'yan ƙauye ne, mun san wa za mu kira.

Saboda haka in kun sake ganin hoton dala, ku yaba, abin alfahari ne. Amma ku tambaya nawa aka biya wanda ya noma ta, kuma me ya rage a rumbunsa da bazara. Duk ɗan siyasar da ya zo mana da alƙawarin dawo da dala, ita ce tambayar da ya kamata mu yi masa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, Ya sa wa manomanmu albarka a guminsu. Amin.